Kora-Hadari

Balan-balan ɗin ja ne, ya kai girman randa, yana ta fizgar zaren da ke hannunta. Ta sake shi. Ya haura kwanon tashar duba yanayi, iskar da ke tasowa daga wajen teku ta tallafe shi ta yi arewa da shi. Ta kafa ido a madubin hangen nesa tana bin sa, tana lallashinsa a zuci: hau, ɗan albarka, ƙara hawa kaɗan. Ina, bai ji ba. Da ƙyar ya wuce inda shirwa ke shawagi, sai ya yi turus, ya ɗan yi rawa, ya juya ya kama hanyar da ya fito.

Ta yi tsaki ta rufe madubin.

Wanda bai san aikin ba zai ce wasan yara ne, mace da girmanta tana sakin balan-balan kullum safiya. Amma wannan juyawar ita ce labarin damina ɗungum. Iska biyu ce a saman kawunan mutane, ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa daga teku take zuwa da laimarta, ita ke kawo ruwa. Ta sama busasshiya ce, hanyarta daban. A shekarar albarka ta ƙasan takan yi kauri, balan-balan ya yi ta hawa a cikinta har ya ɓace wa ido bai juya ba. Bana kuwa siririya ce, kullum a ƙasa-ƙasa yake juyawa.

Ta shiga ofis ta ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin nauyin iska da farce, don allurar nawa gare ta, sai an taɓa ta take faɗin gaskiya. Ta motsa kaɗan ta tsaya. Nauyin bai sauka yadda ya kamata a irin wannan lokaci ba. Iska kuwa ba ta da wani aiki sai barin inda ta yi nauyi ta tafi inda ta yi sauƙi. In ba a yi mata gurbi a tudu ba, me zai taso ta daga teku? Ga kuma saƙon abokan aiki masu auna ruwa: can wata uwa duniya, babban teku ya sake yin ɗumin nan da yakan yi bayan 'yan shekaru, wanda ke janye gajimare ya bar wasu ƙasashe da kallon sama.

Alamun duk sun taru a kan magana ɗaya. Za a yi ruwan farko, ƙila ma mai yawa, sannan ya ɗauke na makonni. Duk wanda ya zuba iri a kansa, irin zai tsiro ya ƙone.

Mutum ɗaya ne ya faɗo mata a rai: Baba, da ɗan buhun irin geronsa, wanda in ya ƙare babu wani a bayansa.

Ƙarancin irin nan kuma, in ka tambayi mutanen garinsu, aikinta ne. 'Yan shekarun baya ta ga alamu irin waɗannan, ta shiga gidan rediyo a filin manoma da take yi kowane mako, ta ce fari ya fi ruwa kusa. Baba ya ji muryar 'yarsa tana fitowa daga akwati, ya karɓi maganar hannu bibbiyu. Ya sayar da shanun huɗarsa kafin ciyawa ta yi wuya, ya bar rabin gona saura. Sai sama ta tashi ba ta kunya. Aka yi damina irin wadda tsofaffi suka ce rabonsu da ita tun suna samari. Rumbunan maƙwabta suka cika har ana jingine dami a jikin katanga, Baba kuwa ya koma noma da fartanya da furfurarsa. Tun daga nan gidan bai sake miƙewa ba.

Sunanta ma ya ɓace a gari, aka koma ce mata Kora-Hadari. In ta bi ta kasuwa sai ka ji wani ya ce, “Jama'a, a ɓoye gajimaren nan, ga ta nan tafe.” Wannan bai taɓa hana ta cin abinci ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, tun tana zanen goyo Uwata yake ce mata. Bayan waccan damina ya koma “ke”. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba. Amma yayanta, wanda ke zaune da shi a gida, ya gaya mata cewa da an sako kiɗan buɗe filinta Baba yake miƙa hannu ya murɗe rediyon.

Da la'asar ta isa gidan rediyo. Manajan wurin mutum ne mai fara'a, irin wanda zai kore ka daga aiki yana tambayarka lafiyar iyali. Ya karanta abin da ta shirya faɗa, ya cire tabarau, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi.

“Malama, kin san ina ganin girmanki.”

“Na sani, ranka ya daɗe. Abin da ke biye da wannan nake jira.”

Ya yi dariya. “Wancan karon sai da muka zare wayar ofis saboda zagi. Har mahaifiyata aka ambata, baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Yanzu kuma mai shagon iri da taki ne ke ɗaukar nauyin filin nan. Mutum ya cika sito da kaya, ke kuma ki shiga ki ce kada kowa ya yi shuka?”

“Ban ce kada a yi ba. Na ce a jira.”

“A wurin mai kaya duk ɗaya ne.” Ya turo mata wata takarda. “Ga wannan, ni na rubuta. Ana sa ran damina, manoma su shirya, a ci gaba da addu'a. Babu ƙarya a ciki. Sai ki ɗan ƙara da ba da haƙuri kan abin da ya wuce, zukata su yi sanyi.”

Ta karanta. Gaskiyarsa, babu ƙarya a ciki, babu kuma komai a ciki.

“Haƙurin me zan bayar?”

“Haba, Malama. Kin ce fari, aka yi ruwa.”

“Na ce fari ya fi kusa. Likita in ya ce ciwo ya yi tsanani, mara lafiya ya tashi, haƙuri yake ba dangi?”

“Likita ba ya sa mutane su sayar da shanu.”

Nan ya taɓa ta inda ke mata ciwo, ya kuma san ya taɓa, don sai ya shiga gyara biro a kan tebur. Ta ninke takardar ta miƙe, ta ce ta ji. Manaja ya ɗauka “na ji” ɗin nan na yarda ne.

Ɗakin watsa shiri ƙarami ne, bangonsa lulluɓe da soso, sanyinsa har cikin ƙashi. Mai gabatar da filin, wanda kowa ke kira Zuma saboda muryarsa, ya gyara mata makirufo. Bayan gilashi injiniya ya ɗaga yatsa, jar fitila ta kama. Zuma ya yi sallama mai tsawo, ya gaida manoma na tudu da na fadama, ya yabi mai shagon iri, sannan ya ce ga Malama da albishir.

Ta kifa takardar Manaja a kan tebur ta ɗora hannu a kai.

“Ni ce wadda kuke kira Kora-Hadari,” in ji ta. “Na ji sunan, ba sai an raɗa mini ba. Da ina da ikon korar hadari, da ina da ikon kiransa, da kuwa gonar ubana zan fara kai shi. Ba ni da ko ɗaya. Ido gare ni da ma'auni, ga kuma abin da suka nuna mini.”

Zuma ya dube ta, ya dubi gilashi.

“Iskar da ke kanku tana da nauyi, ba kwa ji ne don a cikinta aka haife ku. In rana ta gasa ƙasa, iskar wurin sai ta yi sauƙi ta tashi sama, ta teku mai laima ta biyo ta cike gurbin. Wannan ita ce damina. Bana wani teku mai nisa ya yi ɗumi, ya janye rabonmu, abin da ke isowa nan kaɗan ne. Za ku ga ruwa, ƙila yau, ƙila gobe. Kada ya ruɗe ku, zai ɗauke. Mai irin da zai kai shi shuka biyu, ya shuka, ba ruwana. Wanda irinsa na shuka ɗaya ne, ya ɗaure bakin buhunsa ya jira.”

Manaja ya bayyana bayan gilashi, yanzu kam babu fara'a, yana yi wa injiniya alama ya yanke. Injiniya ya shiga laluben maɓallai kamar yau aka ɗauke shi aiki. Zuma ya yi ƙoƙarin ceto filin.

“To, amma Malama, ruwa ai na Allah ne.”

“Nasa ne. Teku ma nasa ne, iska tasa ce, idon da Ya ba ni in dube su ma nasa ne. Ba zan rufe shi ba don a daina zagina.”

Sai kiɗa ya danne muryarta, jar fitila ta mutu.

A baranda ta iske Manaja, fara'arsa ta dawo. “A gaida gida, Malama. Za mu neme ki.” Shi da ita duk sun san babu mai neman wani.

Tana sa ƙafa a waje ta ji ƙamshin ƙasa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ta kai tsakiyar fili tsawa ta fashe, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. 'Yan acaɓa da masu talla da suka fake a rumfar maigadi, da rediyonsu a kunne, suka gan ta suka gane ta. Dariyar da aka yi har wani yana dukan benci.

“Malama, yau kam hadarin ya fi ƙarfinki,” in ji maigadi.

“A gaishe shi,” in ji ta.

Ba ta yi gudu ba, ba ta rufe kai da jaka ba. Ta taka a hankali har motarta, ruwa na bin mayafinta yana zuba a takalmi. Sai da ta rufe ƙofa tsoro ya kama ta, ba kuma na dariyarsu ba. Ruwan mai kyau ne, irin wanda ke ratsa ƙasa. Ita ma 'yar manomi ce, jikinta gaba ɗaya cewa yake gobe ranar shuka ce. Ta kira yayanta a waya.

“Yaya, Baba ya ji?”

“Rediyon a kashe yake. Amma kafin ki rufe baki an kawo masa labari har ɗaki, da ƙari. Ya ce in wasa sungumi.”

Gari na wayewa ta biya tashar duba yanayi. Ta hura sabon balan-balan, ta yi ta kokawa da shi har ta cusa shi a kujerar baya, ya toshe mata madubi. Haka ta tuƙa har garinsu, duk wanda ta wuce a hanya sai ya waiwayo.

A ƙofar gida ta same su. Baba na tsaye da sungumi a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando. Yaya yana ɗaure buhun irin a bayan keke. Hanyar gona ta cika da mutane, maza da sungumi, mata da ƙwaryar iri, kowa na sauri kada rana ta sha laimar. Ta fito ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

“Baba, ina kwana.”

“Lafiya.”

Yaya ya leƙa motar. “Wa ya haihu, aka kawo mana kayan wasa?” Da ya ga ba ta yi dariya ba, shi ma ya ɗaure fuska. “Ke dai ba kya gajiya. An kore ki a rediyo, shi ne kika biyo mu gida. Kin ci shanu, yanzu kuma damina kika zo ci.”

Ta janyo balan-balan ɗin ta riƙe zarensa a gaban Baba. Masu wucewa suka fara rage tafiya.

“Baba, ba ka jin muryata a rediyo, ban kuma ga laifinka ba. To yau ba sai ka ji ni ba, ka gani da idonka. Zan saki wannan. Iskar ruwa za ta yi arewa da shi. In ya hau har ya ɓace bai juya ba, iskar ta yi kauri, ni ce ban iya aikina ba. Ka sara, ni zan bi ka ina zuba iri da hannuna, a gaban kowa. In kuwa ya juya tun muna ganinsa, abin da ya kawo ruwan jiya ba shi da baya.”

Baba ya daɗe yana duban abin.

“Wannan ne ya ci mini shanu?”

“Ɗan'uwansa ne.”

Wani daga cikin maƙwabta ya yi dariya. Baba bai yi ba, amma bai tafi ba. Ta miƙa masa madubin hangen nesa, ya ture da bayan hannu.

“Idona bai mutu ba. Sake shi.”

Ta saki. Ya tashi ta saman tsamiyar ƙofar gida, ya yi arewa. Mutum wajen ashirin suka ɗaga kai, har waɗanda suka tsaya don su yi dariya. Ya hau. Ya wuce inda na jiya ya juya, ya ƙara hawa. Ita kanta ba ta san me zai yi ba bayan irin wannan ruwa. Abin da ya fi ba ta mamaki, ta samu kanta tana roƙon ya wuce. Ta gwammace a yi ta yi mata dariya har ƙarshen rayuwarta, in dai geron Baba zai yi zangarniya.

Ya koma kamar jan ƙwallon goruba a sama. Sai ya tsaya. Ya yi 'yar rawar nan da ta sani. Ya juya a hankali ya yi kudu, ya bi ta kan kawunansu ya wuce.

“To sai me?” in ji Yaya. “Roba ce da iska. Ga ruwa a ƙasa muna takawa.”

Maƙwabta suka yarda da Yaya, suka gyara sungumi suka ci gaba da tafiya. Ɗaya ya ce a bar Kora-Hadari ta kori balan-balan ma, ai ta saba.

Baba ya jingine sungumi, ya tsuguna da ƙyar, ya tona ƙasa da hannu. Ya yi ta tonawa har hannun ya nutse zuwa wuyansa, ya ciro dunƙule ya matse. Ƙasar ta kama, ba ta warwatse ba.

“Laima ta kai nan,” ya ce, yana nuna wuyan hannunsa. “Ubana da wannan yake shuka. Ni ma da shi na yi ta shuka tun ba a haife ki ba.”

“Na sani, Baba.”

“Kin tabbata zai ɗauke?”

Yaya ya tsaya da ɗaurin da yake yi. Ta san amsar da za ta hana buhun nan barin gida, kalma ɗaya ce, ga ta a bakinta. Ta haɗiye ta.

“Ban tabbata ba. Wancan karon ma ban tabbata ba, na faɗi abin da ya fi kusa ne. In ka jira, ruwa ya ɗore, ka makara, za a sake yi maka dariya, ni ce kuma sanadi. In ka shuka ya ɗauke, ba ka da wani iri. Da nawa ne, ba zan zuba ba. Ko gobe aka sake ba ni makirufo, abin da zan faɗa ke nan.”

Baba ya murje ƙasar da ke hannunsa ta zube. Ya dubi hanyar gona, ya dubi kudu, inda jan ɗigon ya ɓace. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

“Kwance buhun nan,” ya ce wa Yaya.

“Baba, gari duk ya tafi.”

“Ina gani. Kwance shi.”

Yaya ya kwance yana huci, ya ɗauki buhun zai shiga da shi ciki. Baba ya ce a'a, a ajiye shi nan bakin ƙofa. Ya ɗauki sungumin da aka wasa jiya ya saƙale shi a reshen tsamiya, inda duk mai wucewa zai gani. Wani tsoho sa'ansa da ya makara ya zo wucewa da sauri, ya ga sungumi a rataye, ya ga buhu a ɗaure.

“Af, yau ma an kore maka hadarin ne?”

“An kore,” in ji Baba. “Allah ya ba da sa'a. In ka dawo ka same ni a nan.”

Ya zauna a kan buhun, ya miƙe ƙafafu, ya warware naɗin wandonsa ɗaya bayan ɗaya. Ita tana tsaye a gefe, laka a gwiwoyinta, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba.

“Uwata,” ya ce, bai dube ta ba, “ɗauko tabarma ki zauna. Kada ki shige ciki, nan za ki zauna kusa da ni.”

Ta ɗauko ta shimfiɗa. Suka zauna suna fuskantar hanya, masu zuwa gona na wucewa suna kallonsu. Can ƙasan gabas wani sabon hadari ya fara haɗuwa, baƙi, mai kyau. Ta gan shi, ta san Baba ma ya gani.